Yayana Mai Buɗe Kasuwa

A layinmu na unguwar Television, shekara da shekaru, babu mai sayar da abin ci da za ta karɓi kuɗin kowa da safe sai yayana ya fara sa abin a baki. Ban san wadda ta fara ba. Mai ƙosai ta bakin kwalbati tana rantsuwa ita ce, wai wata safiya ta ba shi don tausayi, kafin rana ta yi zafi ƙullunta ya ƙare ƙat. Mai fanke ta ce ƙarya ne, ita ta riga. Ni dai na yi wayo na tarar abin ya zama doka: mutumin Allah ne, bakinsa na da albarka, duk tiren da ya ɗanɗana ba ya komawa gida da saura.

Yayana ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ne ɗan fari, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu duk aure da aiki sun watsa su. An haife shi da irin lalurar nan da jiki ke girma amma fahimta ta tsaya a yarinta. Gajere ne, mai kaurin wuya, idanunsa ƙanana, kuma in ya manta da kansa harshensa yakan leƙo waje. An gwada sa shi makaranta, malamai suka dawo da shi da haƙuri. Maganarsa ba ta da yawa, amma bai taɓa manta fuskar mutum ba, kuma bai taɓa wuce kowa bai gaishe shi ba. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba wanda ya ba ko jariri, shi ne sanin ƙoshi. In ka ajiye masa tukunya zai ga ƙarshenta, ya ɗago ya yi maka murmushi.

Kullum da sassafe zai yi wanka, ya ɗauko tsohuwar kwat ɗin Baba, wadda marigayin yake sawa tun yana aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Maɓallin ba ya haɗuwa a cikinsa, amma bai damu ba. Zai tsaya a ƙofar ɗakin Mama ya ce, "Na tafi aiki."

Mama takan ce, "A dawo lafiya, Babana," don sunan mahaifinta aka sa masa.

Aikin yana da tsari. Mai ƙosai tukuna. Daga nan mai fanke. Sai mai shayi, wani ɗan Filato, wanda ke cika masa kofi da madara da suga har cokali ya kusa tsayawa, ya haɗa da burodi. Sai Madam 'yar Binuwai mai soyayyar doya da dankali. Mai shagon da ke kwanar layi shi ne na ƙarshe, ya buɗe masa lemo mai sanyi. A kowane wuri sai ya cinye, ya goge baki da hannun kwat, ya ɗora tafinsa a gefen tire ya ce, "Albarka." Daga nan ne za a fara ciniki. Ciyaman suke kiransa. In ya makara, sai ka ga mata sun tsaya da matsami a hannu suna leƙen get ɗinmu, masu saye na jira suna tsaki.

Duk kuwa masu zuwa coci ne. Fasto ya taɓa yin wa'azi a kan wannan, ya ce camfi ne, albarka daga sama take ba daga bakin mutum ba. Kowa ya ce amin. Da aka tashi, matar faston, wadda ke sayar da cincin da zoɓo a bakin cocin, ta yafito yayana ta bayan mota.

Ni ma a lokacin daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda ake yi da irinsa a wasu gidaje, a kulle su a ɗakin baya kamar abin kunya, yara su riƙa jifansu in sun leƙo. Namu kuwa yana da muƙami. Yaron da ya kuskura ya ce masa dolo, uwarsa ce za ta fara ɗauke shi da mari. A biki, a makoki, a ranar godiya ta matan zumunta, farantinsa ne ke fara fitowa, kuma da ya ga ƙasansa wata za ta ce, "Ku ƙara wa Ciyaman." Babu wadda ta taɓa tambaya faranti na nawa ke nan.

A gida kuma yaƙi ake da shi. Mama za ta yi gwate ta zuba yakuwa da alayyahu, shi kuma ya zauna yana tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a bakin kwano, da natsuwa irin ta mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Nama ba ya iya tauna shi, don haƙoransa sun daɗe da lalacewa, kuma ba ya bari a taɓa bakinsa. Abin da yake so shi ne mai laushi, mai maiƙo, mai zaƙi, wanda zai haɗiye ba wahala. Ko da ya dawo daga aiki cikinsa ya yi tim, sai ya ci tuwon rana, ya ci na yamma. Yana ta faɗi, unguwa tana ta tafa masa. "Ciyaman, kuɗi sun zauna!"

Da ya fara shan ruwa kamar raƙumi, muka ce zafi ne. Da ya fara jiƙa katifa, abin da ya bari tun yana yaro, Mama ta ce sanyin damina ne. Da ya fara gyangyaɗi a kan bencin mai shayi, aka ce manya ai sai da hutu. Wari ne ya tona. Wata Asabar ina shara na ji wani ɗoyi a ɗakinsa, na ɗauka ɓera ne ya mutu, na ɗaga gado, na ɗaga akwati, ban ga komai ba. Sai da na matso kusa da shi. Na ce ya cire takalmi, ya ƙi, na cire da ƙarfi. Safar ta manne da ƙaramin yatsansa, inda wani rauni ya ruɓe. Ko ƙusa ce ko kwalba, Allah kaɗai ya sani, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Bai ce uffan ba, bai ɗingisa ba. Na ce, "Yaya, ba ka jin ciwo?" Ya kalli ƙafar kamar ta wani ce, ya ce, "Aiki."

A asibiti likita ta gwada jininsa, ta sake gwadawa, ta cire tabarau. Ciwon suga ne, ta ce, kuma ya daɗe yana cin sa. Ni take kallo tana magana, shi yana wasa da labule. Ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai an canza abin da ke shiga bakinsa: lemo a daina, shayi mai suga a daina, soye-soye a daina, tuwo a rage, a koma acca da wake da ganye. Ta ce in ba haka ba ciwon ba zai rufe ba, za a cire yatsan, in an ci gaba a cire ƙafar. Na tuna na yi dariya a raina da ta ce ganye.

Na zaunar da shi a gida na yi masa bayani da duk dabarar da na iya. Na nuna masa bandejin, na nuna masa kwalbar lemo, na girgiza kai. Ya ce, "To, Auta." Komai ka ce wa yayana zai ce to. Amma a kansa babu hanyar da ta haɗa fanken yau da ƙafar wata mai zuwa. Abin da ke gabansa shi ne duniya. Gari na wayewa ya sa kwat, ya sa silifas a kan bandeji, ya tafi aiki.

Sai na bi masu sayarwar ɗaya bayan ɗaya, har da durƙusawa. Babu wadda ta yi mini musu. Kowacce ta dafe ƙirji ta ce wayyo Ciyaman, Allah ya ba shi lafiya. Kowacce kuma ta ce abu ɗaya.

"Auta, ni fa ɗaya tak nake ba shi. Ɗaya zai kashe mutum?"

Mai ƙosai har ilimi ta kawo mini. "Ƙosai ba wake ba ne? Ke da bakinki kin ce likita ta ce wake."

Mai shayi ya ce zai rage suga, kuma ya rage, daga tudu zuwa rabin tudu. Kowa ɗaya yake bayarwa, kowa hannunsa a wanke, yayana kuma yana dawowa da cikin mutum biyar.

Na kawo shawara: ya taɓa tiren kawai, ya ce albarka, ba sai ya ci ba. Mai fanke ta yarda ta gwada. Ranar kuwa aka wuni ana ruwa, ko kare bai fito ba, fanke ya kwana. Washegari ta same ni a bakin famfo, fuska a murtuke, ta ce, "Kin gani ko? Sai ya shiga ciki yake aiki." Shi ma gogan bai yarda ba. Da aka miƙo masa tire ba a ɗauko komai ba, sai ya tsaya ƙyam da hannu a buɗe, har sai da kunya ta sa aka saka masa.

Aka cire yatsan.

Ranar da muka dawo da shi gida, tun kafin in sauke kaya daga keke mai ƙafa uku, na tsallaka shagon kayan gini na sayo kwaɗo. Gidanmu ƙarami ne, Baba ya gina shi da kuɗin sallamarsa na masaƙa, katanga doguwa, get na ƙarfe mai ɗan ramin zira hannu. Tun da aka gina shi sakata kawai muke sawa. Mama ta kalli kwaɗon ta kalle ni, ta ce, "Ɗana za ki kulle?" Na ce, "Ƙafarsa zan kulle, Mama, in kina da wata dabara ki faɗa." Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Safiyar farko da ya iya takawa, ya sa kwat, ya yi wa Mama sallama, ya isa get ya ja. Ya sake ja. Ya juyo yana murmushi, yana zaton wasa ne.

"Auta, aiki."

"Yau hutu, Yaya."

"Aiki."

Ya jijjiga get ɗin har ƙarar ta cika layi. Daga waje na ji muryar mai fanke tana cewa, "Ciyaman, muna jira fa!" Sai ya fara wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba, mai kauri, na babban mutum. Na tsaya da tsintsiya a hannu, amma ban buɗe ba. Na tsani kaina a safiyar nan, na tsani mai fanke, na tsani likita, kuma ban buɗe ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfani a Kudenda, wajen shirya kaya a kwali. Da farko Mama nake bar wa mabuɗi. Wata rana na dawo na tarar da leɓensa na ƙyalli, ƙamshin man gyaɗa har hannun kwat. Mama ba ta ko tsaya ƙarya ba. Ta ce, "Ni na haife shi. Ke kina can, ni nake jin kukan." Sai na fara tafiya da mabuɗin. Ba a jima ba waya ta yi tartsatsi a gidan maƙwabta, hayaƙi ya turnuƙe layin, mutane suka yi ta dukan get ɗinmu, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da shi a ciki, mabuɗi yana Kudenda a wuyana. Wutar ba ta iso mu ba. Amma daga ranar na san lissafin ya ƙare: in na bar mabuɗi za a buɗe, in na tafi da shi wata rana zan dawo in tarar da toka. Mabuɗin dole ya zauna a gida, kuma dole a wuyana. Na ajiye aiki.

Na koma yin kitso a tsakar gida. Duk wadda ta zo sai na tashi na buɗe mata, na kulle, sannan in leƙa jakarta kamar soja a shingen hanya. Wasu sun yi dariya, wasu ba su sake dawowa ba. Ban yi don wulaƙanci ba. Na taɓa kama wata dattijuwa, shugaba a zumuntar mata, da alewa a ƙullin zani.

Da aka ga get ya gagara, sai aka koma katanga. Ina cikin kitso sai in ji tim, baƙar leda ta faɗo bayan tankin ruwa. Yayana, wanda tafiya ke yi wa wuya, sai ya zama ɗan tsere. Kafin in zare hannu daga gashin mutane ya tura rabi a baki. Daga waje a ce, "Ciyaman, ka ci?" Shi kuma da baki cike ya ɗaga murya, "Albarka!" Har da ta katanga suna buɗe kasuwarsu.

Washegarin ranar da nas ta buɗe bandeji ta ga wurin ɗinkin ya fara ruwa, ta kira likita, suka yi magana ƙasa-ƙasa suna nuna idon sawu, ban san lokacin da na iso bakin kwalbati ba. Da safe ne, masu saye sun yi layi. Ban gai da kowa ba. Na ce su saurara, da mai ƙosai, da mai fanke, da Madam, da mai shayi da ke leƙowa daga rumfa. Na ce an yanke masa yatsa, yanzu ana maganar ƙafa. Na ce duk wadda ta sake jefa ko ƙwayar gyaɗa cikin gidanmu, ita ta kashe shi, kuma na rantse da kabarin ubana ranar da ya mutu a kan tirenta zan kwantar da gawar, ta buɗe kasuwa da ita. Madam ta ce, "Haba, sista," ba ta ƙarasa ba. Daga ranar leda ba ta sake faɗowa ba.

Sai yaƙin ya dawo cikin gida, mu uku. Zan dafa acca in yi miyar ganye in yanka shi ƙanana yadda ba zai tsintu ba, ya datse baki ya juya wa kwanon baya. In yunwa ta ci shi ya ci yana hawaye. In na juya ido ya shiga kicin ya ɗibi garin kwaki busasshe ya cusa. Na sa wa kicin kwaɗo. Ya gano gwangwanin madarar Mama a ƙarƙashin gado, na raba Mama da madara, na raba ta da sugan shayinta, tsohuwa da ba ta da ciwon komai sai gwiwa ta koma cin abincin marasa lafiya. Wata safiya na same shi a banɗaki yana tsotsar man goge baki, don yana da ɗan zaƙi. Shi ma na kulle shi a akwati. Mabuɗai suka taru a igiyar wuyana, in ina tafiya suna kacau-kacau, har shi ya koyi gane inda nake da ƙararsu.

Coci ma ta zama wurin gadi. Mukan zaunar da shi a tsakiyarmu, mu fice kafin addu'ar rufewa, don kada a fara rabon shinkafa. Ranar godiya ba ma zuwa sam. Da aka yi bikin 'yar kawunmu a Mahuta, Mama ta tafi, ni na zauna da shi. Kawun da kansa ya zo bayan biki, da ragowar kek a leda, na karɓa a bakin get na ce na gode, ban shiga da kek ɗin ba. Kawun ya shigo ya zauna ya kalli yayana, wanda ya rame, ya girgiza kai.

"Auta, kin mai da shi fursuna. Irin waɗannan mutanen kwana nawa suke yi a duniya? Ki bar shi ya ci abin da ransa ke so, ya tafi da daɗi a baki."

Na daɗe ban ji abin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba. Kawuna ne, ban ɗaga murya ba. Na ce, "Kawu, kai ma kana da hawan jini, na ga Anti ta hana ka gishiri. Me ya sa ba a bar ka ka tafi da daɗi a baki ba?" Ya tashi ya kaɗe riga. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Amma ya faɗi abin da wasu ke ɓoyewa a ƙarƙashin kirkinsu: a wurinsu ran yayana ba irin wanda ake tattali ba ne, irin wanda ake lallashi ne har ya ƙare.

Ni ma fa ba waliyyiya ba ce a zaman nan. Akwai ranakun da in na ji motar ma'aikatan Kudenda ta wuce titi sai in ji kamar in cire igiyar nan in wurga ta rijiya. Ƙawayena na kamfani sun kira, sun kira, suka gaji. Kasuwa a guje nake zuwa in dawo, kamar mai jego. Katangar da na ɗauka na gina masa, ni ma ga ni a ciki, bambancinmu kawai ni ce mai kacau-kacau.

Ciwon ya rufe. A hankali ya rufe, fata ta yi kyau. Ya daina jiƙa katifa, ya daina gyangyaɗi, maɓallin kwat ɗin Baba ya haɗu har da sarari. Ya ma fara cin gwaten acca ba faɗa, yana haɗiye ganyen kamar magani. Amma ya daina magana. Da safe zai sa kwat, ya ja benci zuwa get, ya kafa ido a ramin zira hannu. Ƙamshin ƙosai ba ya neman izinin kowa, ta saman katanga yake shigowa. Zai zauna a nan har ƙamshin ya ɗauke, sannan ya cire kwat ya ninke. Ya daina ce wa Mama ya tafi aiki, ita ma ta daina fitowa a lokacin.

Likita ta yi murna ƙwarai da ta gan shi. Ta ce da kowa na da ƙanwa irina da aikinsu ya yi sauƙi. Sannan ta ce yanzu abin da ya rage motsa jiki, in riƙa fita da shi yana takawa da safe. Na tambaye ta, ina jin nauyin bakina, ko zai iya cin ƙosai. Ta ce ɗaya ko biyu jefi-jefi ba laifi, in dai ina wurin.

Na dawo gida kamar an sauke mini dutse. Na tsara abin a raina: wuri ɗaya, ƙosai ɗaya, ina tsaye. Ya samu aikinsa, ko da guntu ne, ni ma in sha iska. Na wanke kwat ɗin na goge ta. Da safe da ya ja benci, na ce, "Yaya, ajiye. Yau akwai aiki." Na buɗe kwaɗon a gabansa. Ya kalle ni, ya kalli titi, ya daɗe. Sannan ya juya ya je ƙofar Mama, da wata murya da ta dushe don rashin amfani, ya ce, "Na tafi aiki." Na ji Mama ta amsa daga ciki.

Yana gaba ina biye, har da sauri yake. Masu wucewa suna ta "Ciyaman! Kwana biyu!" yana ɗaga musu hannu. Da muka iso kwalbati, mai ƙosai ta riga ta fara ciniki, mutane na tsaye. Ya ratsa su kamar yadda ya saba, ya tsaya gaban tire, ya buɗe hannu. Ta ɗago ta gan shi, fuskarta ta washe, sai ta hango ni a bayansa. Ta jawo takarda ta rufe tiren.

Na ce wa mai ƙosan, "Mama, ina kwana. Ki ba shi ɗaya. Na yarda, likita ma ta yarda."

"A'a, Auta. Ki rufa mini asiri, ina da 'ya'ya."

"Ni na ce ki ba shi."

"Ke kika ce wancan ma." Ta juya ƙosai a kasko, ba ta kalle shi ba. "Ciyaman, ka yi haƙuri, ka ji? Allah ya ƙara lafiya."

Na ce, to kasuwar fa, wa ke buɗe musu? Ta ce haka nan suke buɗewa, su yi addu'a su fara. Ta ƙara da cewa, "Ana saye kuwa."

Hannunsa na nan a buɗe. Da ya gaji ya wuce wurin mai fanke, ita kuma ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Mai shayi ya taso ya rungume shi, ya ba shi benci, bai ɗauko kofi ba. Madam ta ɗaga masa hannu daga nesa ta shige rumfa. Yana tsayawa a kowane wuri daidai inda ya saba tsayawa, ana ta ciniki ta gefensa, ana miƙa kuɗi ta saman kafaɗarsa.

Na koma da gudu wurin mai ƙosai na saya kamar kowa, na kawo masa a takarda da zafinsa. "Ga shi, Yaya. Ci." Mutumin da ya tsotsi man goge baki ya kalli ƙosan nan a hannuna, ya kalli tiren da ke can a rufe, bai karɓa ba. Ba ƙosai ya fito nema ba.

Shi ya juya da kansa. A hanyar komawa ni ce a gaba, ina tsayawa ina jiransa. Da muka shiga, ya cire kwat ya ninke a kan benci. Ya tura get ya rufe, ya zaro kwaɗon daga inda na rataye shi, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kulle, Auta."

Yanzu mabuɗin get yana rataye a ƙusa, kowa na iya ɗauka. Sau da yawa da gangan nake barin get ɗin a wangale. Ba ya ko kallon wajen. Na gwada fita da shi ta wata hanyar, ta bayan layi, ya kai bakin ƙofa ya toge. Aiki kuwa ban koma ba, don Mama ta ƙara tsufa, kuma shi ba ya cin komai yanzu sai na zauna kusa da shi. In an tambaye ni ko zan sake sayen kwaɗon nan, zan sake, don na ga abin da ke cikin safar nan da idona. Sanin haka bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Ƙafar tana nan, yatsu huɗu, fes da ita. Kullum da safe ni nake wanke ta, in duba tsakanin yatsun yadda nas ta koya mini, in shafa mata mai, in sa mata safa da takalmi mai laushi. Sai ya sauke ta ƙasa a gaban benci, ta wuni a nan.